Tsuntsuwa Mai Kukan "Ke"

Ban taɓa kiran 'yata ta fari da sunanta a gaban mutane ba. Wanda ya tashi a cikin Birni ba sai an yi masa bayani ba, amma tunda yanzu 'ya'yanmu ma tambaya suke yi, bari in faɗa. A gidanmu na Madabo ɗan fari ba naka ba ne a baki. Ba ka kama sunansa, ba ka yaba shi, in ya faɗi a gabanka sai ka ɗauke kai ka bar wani ya ɗaga shi. Haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah. Ni ma da na haihu ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, kawai na tarar da kunyar a bakina.

Abin dariyar shi ne ni na zaɓi sunan. Tun ina da cikin nake juya shi a raina, ana gobe suna na raɗa wa ƙanwar mijina, ita kuma ta kai wa yayanta kamar ita ta tuno shi. Da safe aka raɗa wa jaririya, maroƙi ya shelanta a ƙofar gida, mata suka yi ta guɗa, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska kamar ban ji ba.

Ranar yaye uwar mijina, Hajiya, ta goye ta ta wuce da ita sashenta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin tarinta, ina jin dariyarta, amma can take ci can take kwana. Ta tashi tana ce min Yaya, saboda abin da ta ji ƙannena suna kira na ke nan. Ƙannenta da suka biyo baya su suka ce min Umma. Da Hajiya ta rasu yarinyar tana sakandare, ta tattaro kayanta ta dawo ɗakina, muka zauna kamar baƙi biyu masu mutunta juna. In zan aike ta in ce, "Ke!" In zan yi zancenta da wani in ce yarinyar nan, ko 'yar gidan Hajiya. Ita kuma ta ce, "Na'am, Yaya," idonta a ƙasa. Kuma wallahi abin bai taɓa tsaya min a rai ba sai da Malama ta shigo rayuwarmu.

Malama sabuwar mai koya musu kimiyyar halittu ce a makarantar 'yan mata. 'Yar unguwar Zaitawa ce a nan cikin Birni, ba ta girmi ƙanwata ta uku ba, doguwa, ga hijabi har ƙasa ga takalmin kambas, ga madubin hangen nesa rataye a wuya. Ita ta kafa musu ƙungiyar masu lura da tsuntsaye. Aikinsu shi ne su duba tsuntsayen da ke cikin gari, su sa a waya wane iri suka gani da inda suka gan shi, in hali ya yi su ɗauki hoto ko su naɗi kukan, sai a tura wa masu bincike da ke haɗa irin wannan daga garuruwa da yawa. Da kanta ta zo neman izini wajen maigida. Ina jin sa daga soro yana dariya.

"Malama, tsuntsu a Birni? Ban da tantabarun maƙwabta da shirwar da ke kwashe mana 'yan tsaki, me za su gani?"

"Alhaji, ka ba ni ita wata ɗaya, ita za ta ba ka amsa."

Ya ba ta. Ni ba a tambaye ni ba, kuma ko an tambaye ni ba ni da bakin magana a kan 'yar fari.

Daga nan duk Asabar da sassafe sai Malama ta tsaya a soro da 'yan matanta, ta yi sallama, sannan ta ɗaga murya ta kira sunan. Ba ta kiran sa a gajarce. Sai ta ja ƙarshensa, ta lanƙwasa shi, kamar ita ta kwana tana juya shi a ranta kafin a haifi mai shi. Yarinyar da in na ce "Ke" sai ta gama ninke abin da take ninkewa, sai ga ta ta fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ina durƙushe gaban murhu ina hura wuta, hayaƙi yana shiga idona, ina cewa hayaƙin ne.

Kishi nake yi, ba wani abu ba. Na san sunan ciwon tun ranar farko, sanin kuma bai rage min komai ba.

Gidanmu ya cika da "Malama ta ce." Malama ta ce wadda ke zama a kan zankon gidan liman hasbiya ce, ba kurciya ba, a duba jan da ke zagaye da idonta. Malama ta ce tsattsewar da ke shawagi da magariba ƙwari take kamawa. Malama ta ce in an ga balbela a kan bola a rubuta, kada a raina ta don an saba ganin ta. Sun hau Dala, sun bi gindin badala, sun je Ƙofar Mata sun tsaya bayan marina suna kallon sama har masu rini suka ɗauka jinjirin wata suke nema da rana tsaka. Wata Asabar suka tafi mayanka neman ungulu, suka dawo ba su ga ko ɗaya ba. Da dare yarinyar ta tambayi babanta yaushe rabonsa da ganin ungulu a gari. Ya sosa gemu, ya ce shi kam bai ma lura sun tafi ba. Ina zaune a gefe da labarin ungulayen da ke jeruwa a kan katangar gidanmu muna yara, har mukan jefe su mu ce su koma gidansu na tsamiya. Ta bi ta kaina ta tambayi babanta. Ba laifinta ba ne, ba mu saba hira ba. Amma na ji haushi, kuma Malama na ji wa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne matar ba ta da abin zargi. Na nema, Allah ya sani. Tana dawo da su kan lokaci, tana durƙusawa ta gaishe ni, har Umma take ce min. Ka ji fa, baƙuwa daga Zaitawa tana ce min Umma, wadda na yi naƙudarta tana ce min Yaya. Da na rasa abin yi sai na koma kan fura. In sun dawo daga yawonsu a gajiye nakan dama musu, to kofin Malama nakan tsinka shi da ruwa, in rage masa nono. Ta sha, ta lumshe ido, ta ce, "Umma, furarki ba irin ta kowa ba ce." In ce a raina, ai kuwa ba irin ta kowa ba ce.

Maigida ya gane. Wata rana ya leƙa kofin ya ce, "Wannan fura ce ko ruwan wankin ludayi?" Na ce masa ya je kasuwa rana tana yi.

Wani yammaci hankaka ya sauka a kan igiyar shanya, yarinyar ta janyo ƙanwarta tana nuna mata farin ƙirjinsa da yadda yake karkata kai. Bakina ya riga ni. Na ce, ba tare da na kalli kowa ba, "Ai hankaka mun san shi tun kafin a haifi wasu malaman. Mai da ɗan wani naka."

Na zaci za ta yi shiru kamar kullum. Sai ta ce, a hankali, idonta a kan tsuntsun, "Yaya, Malama ta ce ba sata yake yi ba. Wata tsuntsuwa ce take zuwa ta saka ƙwanta a sheƙarsa ta tafi. Shi kuma ya ƙyanƙyashe, ya yi ta ciyarwa."

Har yau ban san ko da biyu ta faɗa ba. Ina jin ba da biyu ba ne, don ba halinta ba ne. Amma na tashi na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ina jin maganar tana yawo a jikina. Na so in fito in ce ni ban ajiye na tafi ba, katanga ɗaya ce, kuma duk daren da ta yi zazzaɓi a ɗakin Hajiya ni ma a zaune na kwana. Wa zan faɗa wa? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye.

Ana cikin haka kuma na zama abin dariyar ƙungiya ban sani ba. Malama ta koya musu naɗar kukan tsuntsu: a hau sama da sassafe, a ajiye waya, a yi shiru. Yarinyar takan hau rufin ɗakinmu ta matakalar bayan madafi. To ni ina ƙasa, ban san ana wani naɗi ba, in na ga shara ba a yi ba sai in ɗaga murya. Ƙanwarta ce ta zo ta fesa min, tana dariya har da riƙe ciki. Ashe duk abin da yayarta ta tura, ana cikin jin kurciya da gwara sai a ji "Ke!" daga ƙasa. 'Yan matan suka ce sun gano sabuwar tsuntsuwa a Madabo, mai kukan "ke," ba ta fashi, kuma ta fi yin kuka in ba a wanke kwanuka ba.

Malama ma da ta zo ta taɓa zancen, cikin raha. "Umma, ai muryarki ta riga ta kowa shiga bincikenmu."

Na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Wato abin da masu bincike na garuruwa suka sani game da ni ke nan: mata ce a Madabo mai harafi biyu. Ranar kofin Malama kusan ruwa zalla ne.

Da damina ta kankama, kududdufin da ke bayan gidanmu ya cika, ciyawa ta yi tsayi a bakinsa. Yarinyar ta ce ta ji ragon maza yana kuka daga can da asuba. Wannan tsuntsu ne mai jan baya da dogon bindi, ba ya son tashi sama, cikin duhuwa yake laɓewa, shi ya sa aka fi jin sa a kan ganin sa. Babanta ya ce in ragon maza ake nema ba sai an je kududdufi ba, a zo majalisarsu bayan la'asar a zaɓa. Su kuwa 'yan ƙungiyar ba su ɗauke shi wasa ba, don a cikinsu ba wadda ta taɓa samun sa a cikin ganuwa. Wasu suka ce kurciya ta ji. Ta dawo ranar idonta ya yi ja.

Asabar ta zagayo, Malama ta shigo har tsakar gida. Ina tankaɗe, ina jin su. Malama ta ce wa yarinyar ba a shigar da tsuntsu irin wannan sai da shaida, hoto ko murya. Sannan ta ɗora hannu a kafaɗar yarinyar, ta kira sunan, ta ce, "Ni na yarda da kunnenki, 'yata. Ki samo mana shi."

'Yata. A tsakar gidana, a kan tabarmata. Rariyar ta tsaya a hannuna. Na ga yarinyar ta ɗago ta kalle ta da wata irin fuska da ban taɓa samu ba, fuskar wanda aka tsaya masa. Da ina da iko da na kaɗa Malama waje da muciya, alhali ba abin da ta yi sai abin da ya dace a yi.

Washegari bayan sallar asuba hadari ya haɗo ta gabas. Na tuna indararon rufinmu yakan toshe da ganye, ruwa ya kwanta ya jiƙa azara. Maigida yana masallaci, yarinyar na aike ta sayen ƙosai, sai na ɗaura zane na hau da kaina. Na daɗe rabona da saman nan. Gari ya fara haske, ga Dala can ta yi duhu-duhu, ga rufin gidajen unguwa a jere, iska mai ƙanshin ruwa tana kaɗawa. Na zare ganyen daga indararo, na miƙe, na duba ko'ina ba kowa.

Ban shirya ba. Na dai ji ina so in san yadda sunan yake a bakina. Na faɗe shi a hankali, ya fito a karkace kamar kalmar wani yare. Na sake. Na uku na ja ƙarshensa, ba irin jan Malama ba, irin nawa, yadda nake ja a raina tun tana ciki. Sai na ji na ce, "'Yata. Ni na zaɓa miki shi, ba kowa ba."

Ina cikin faɗa wani sauti ya taso daga bakin kududdufi, bu-bu-bu-bu, yana gangarowa ƙasa kamar ana tsiyaye ruwa daga gora. Na san shi, tun muna yara muke jin sa a gonar kakanmu. Na ce a raina, ashe yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Na juya zan sauka, ƙafata ta taɓa wani kwando da aka kife a gindin katangar rufin. Na ɗaga. Wayarta ce a ƙasa, an naɗe ta da leda saboda ruwa, ɗan jan ɗigo yana ƙiftawa.

Da a ce zanena ne ya faɗi a tsakiyar kasuwar Kurmi da kunyar ba ta kai haka ba. Na ɗauki wayar. Na san inda ake dannawa a goge, ni ma ina goge saƙon murya in na yi wa ƙanwata faɗa na huce. Yatsana yana kai. Sai na tuna tsuntsun yana ciki, a daidai ƙarƙashin muryata, kuma wa ya san ko zai sake kuka gobe. Na tuna jan idonta ranar da aka ce kurciya ta ji. Na tsaya har ɗigon ruwa ya fara sauka a kan ledar. Na mayar da wayar, na kife kwandon, na sauko.

Ta dawo da ƙosai, ta haye sama da sauri kafin ruwa ya yi ƙarfi, ta sauko da wayar a cikin hijabi. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ta saƙala abin ji a kunne. Ni ina madafi, na ba ta baya, amma akwai wani tsohon faranti na silba a jingine da nake ganin ta a ciki. Ta daɗe tana saurare tana wasa da bakin zanenta. Can na ga hannun ya tsaya. Ta miƙe zaune. Ta danna, ta mayar baya, ta sake ji. Ta sake mayarwa. Sannan ta cire abin daga kunnenta, ta sa fuska a kan gwiwa, ta zauna haka har kokon da ke gabanta ya huce.

Na ce, "Ke, kokonki." Ta ce, "To, Yaya." Haka muka yi ta zagaye juna har mako ya ƙare, kowa yana ɗauke ido. Ni kuwa kullum ina jiran ranar da 'yan mata za su zauna a aji su saurari tsuntsuwa mai kukan "ke" ta koyi sabon kuka. Na riga na ga Malama tana murmushin tausayi, wanda ya fi min dariya muni.

Asabar Malama ta yi sallama, ta kira sunan kamar kullum, ta shigo ta gaishe ni. Ina madafi ina dama fura. Ta zauna a tabarma ta ce, "To, ina labarin ragon mazanmu? Ban ga kin turo komai ba."

"An samu, Malama."

"Kin samu? Alhamdulillahi! Kawo in ji."

"Akwai magana a ciki."

"Ba komai, ai mun saba da tsuntsuwar Madabo. Ana iya yanke wajen."

"Ba zai yanku ba, Malama. Tare suka yi."

"To kawo haka nan. Kin san fa ke ce ta farko, in kika bari wata za ta riga ki."

Ludayin ya tsaya a hannuna. Ban taɓa jin ta yi wa Malama musu ba, ko a kan launin gashin gwara. Sannan na ji muryarta, ƙasa-ƙasa, amma ba ta rawa.

"Ki yi haƙuri, Malama, zan sake nema. Wannan na gida ne. Ummata ce take magana a ciki."

Malama 'yar Birni ce, ba ta sake tambaya ba. Na ji ta ce, "To, Allah ya sa ya sake kuka," ta kama zancen balbela.

Ni kuwa ina tsaye da butar ruwa a hannu, na riga na karkata ta a kan kofin Malama. Wuta a kashe take, ba hayaƙin da zan ɗora wa laifi. Na ajiye butar, na goge fuska da gefen zane, na ƙara nono a kofin har ya kusa zuba, na ɗauka na kai mata da kaina. Ta kurɓa, ta dube ni, ta sake kurɓa.

"Umma, yau furar ta canza."

Na ce, "Sha dai, Malama." Sannan na juya wajen yarinyar, na ce, "Ke, tashi ki ɗauko naki."